Bashin Waya da Tonon Asiri: Wa Ya Fi Laifi?

Baba Tela: Assalamu alaikum 'yan zaure. Masu ilimi a taimaka min. Wani saƙo ne ya shigo min a WhatsApp daga lambar da ban sani ba. Hoton wani yaro ne ɗan unguwarmu, an zagaye fuskarsa da jan layi, an rubuta a ƙasa wai ɓarawo ne ɗan damfara, ya ci bashin kamfani ya gudu, duk wanda ya gan shi ya kira 'yan sanda. Abin da ya fi ɗaure min kai, wai ni na tsaya masa. Ni ko labarin bashin ban taɓa ji ba. Ɗinki kawai yaron yake kawo min, shi ya sa yake da lambata. Yanzu na ji an tura wa surukinsa, an tura wa limamin masallacinmu. Kuɗin duka-duka naira dubu 15. To wannan a addini da a doka yaya yake?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam Baba. Ni dai gaskiya zan faɗa ko da za a ji haushina, yaran yanzu su suka ja wa kansu. Ku zo shago in buɗe muku littafin bashi ku gani. Mutum zai ɗauki atamfa turmi 10, ya rantse da Allah ranar Juma'a zai kawo, daga nan sai waya a kashe. In ba a kunyata irin waɗannan ba, ba sa biya. Wanda ya ci kuɗin mutane ya ƙi biya, shi ya fara zubar da mutuncin kansa.

Maman Biyu: Haba Alhaji! A kan dubu 15 a kai hoton mutum gidan surukansa?

Ɗan Kwari: Hajiya, dubu 15 ɗin ma ai guminsa wani ya yi.

Injiniya: Baba, bari in fara da yadda suka samu lambarka, don ba tsafi ba ne. Lokacin da yaron ya sauke manhajar bashin a wayarsa, kafin ta buɗe sai ta nemi izini kala-kala: ta ga lambobin da ke wayarsa, ta ga saƙonninsa, ta ga hotunansa, ta san inda yake. Mutum yana cikin matsi, ba karantawa yake ba, danna "na yarda" kawai yake yi har ya kai inda kuɗi suke. A wannan daƙiƙar an kwashe lambobinsa kaf an ajiye a rumbun kamfanin. Ko ya goge manhajar daga baya, aikin gama ya gama. Sai su sa ya ɗauki hoton fuskarsa, ya ba da BVN, wato lambar shaidarsa ta banki. Wannan hoton ne ka gani an zagaye da ja.

Ku lura, ba gida suke karɓa jingina ba, ba fili ba, ba babur ba. Abin da suka riƙe shi ne sunayen mutanen da yake jin kunya. Na'urar har tantancewa take: wanda aka ajiye da "Baba", "Mama", "Oga", "Liman", "Surukina", su ake fara taɓawa.

Baba Tela: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe da gangan aka zaɓo liman.

Barista: Baba ka kwantar da hankalinka, ba a zama mai tsaya wa mutum a bashi sai da saninka da yardarka. Ba ka sa hannu a komai ba, ba ka amsa wa kowa ba, don haka ko sisi ba a bin ka.

Shi kuwa abin da suka yi wa yaron, gwamnati ta daɗe da cewa laifi ne. A watan Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta ci kamfanin ba da bashi na Soko Lending tarar naira miliyan 10 kan irin wannan shiga sirrin mutane da tura saƙo ga lambobin masu bashi. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tare da hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC da 'yan sanda suka kai samame ofisoshin wasu kamfanonin bashin waya a Legas, aka rufe asusunsu na banki, daga baya a shekarar aka wajabta musu yin rajista. Kamfanin Google ma daga 31 ga Mayun 2023 ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Babban kamfanin da ya karya ta ana iya cin sa tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Maganar a kira 'yan sanda kuwa barazana ce kawai. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniyar bashi. Ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne, kotu ce wurinsa.

Maman Biyu: To Barista, duk waɗannan dokoki, me ya sa har yau ake yi?

Injiniya: Bari in ari bakin Barista. In an kore su daga Play Store sai su koma tura manhajar kai tsaye ta WhatsApp ko ta saƙon tes, ka danna ka sauke ba tare da ta bi ta hannun Google ba. In an rufe suna ɗaya, gobe sun fito da wani suna da wani launi, cikin kuwa iri ɗaya ne. Canza wa manhaja suna aikin yini guda ne. Hukuma kuwa sai ta rubuta takarda, ta jira amsa, ta je kotu.

Ɗan Sahu: Ni fa ina karanta ku ina dariya. Mutanen nan ɓarayi ne, kuma maganinsu kawai a ci kuɗinsu a share baki. Ni na taɓa karɓa lokacin da injin Adaidaitata ya buga. An rubuta dubu 20, abin da ya shigo asusuna dubu 14, wai sauran kuɗin hidima ne, kuma in biya 20 cif a kwana 7. Ranar ta shida suka fara kira tun asuba. Sai na riga su, na tura wa kowa a wayata cewa 'yan damfara sun sace lambobina, duk wanda ya ga saƙo ya share. Na cire layin na jefar. Kuɗin riba ne, cin su halal ne.

Ɗan Kwari: Kun gani ko? Ga irin su nan a cikinmu. Shi ma zai ce an zalunce shi.

Ɗan Sahu: Alhaji, ka taɓa ba wa wani 14 ka ce ya dawo da 20 a mako?

Ɗan Kwari: Allah ya kiyaye. Amma kai da hannunka ka danna.

Malam Na Zaure: Bismillah. Na ga an fara jifa da halal da haram, to a yi a hankali.

Ɗan Sahu, ɗana, ƙarin da suka ɗora riba ce, babu ja a kai, kuma shiga yarjejeniyar tun farko kuskure ne sai dai Allah ya duba larura. Amma ayar da ta haramta riba ita ce ta ce wa masu ita, a Baƙara aya ta 279, in sun tuba suna da uwar kuɗinsu, kada su yi zalunci kada a zalunce su. Dubu 14 ɗin da ta shiga asusunka ba taka ba ce. Ga hadisi a Bukhari: wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya Allah zai biya masa, wanda ya karɓa da niyyar salwantar da ita Allah zai salwantar da shi. Ba a ce sai in mai dukiyar mutumin kirki ne ba. Sannan ka ce wa mutane an sace lambobinka, alhali kai ka miƙa. Ka ga an samu abu biyu.

Kai kuma Alhaji, aya ta 280 tana biye da ita: in wanda ake bi yana cikin ƙunci, a jira shi har ya samu. Umarni ne, ba alfarma ba.

Ɗan Kwari: Allah ya gafarta Malam, ni ma na ji a wa'azi cewa mai hali in ya ƙi biya, mutuncinsa ya halatta. Ko ba hadisi ba ne?

Malam Na Zaure: Hadisi ne, Abu Dawuda da Nasa'i sun kawo shi: jan rai daga wanda yake da abin biya yana halatta mutuncinsa da hukunta shi. Amma Alhaji ka riƙe shi da sharuɗansa. Na farko, mai hali aka ce. Su waɗannan sun bincika sun ga yaron yana da shi ya hana? Na biyu, malamai sun yi bayanin halatta mutuncin da cewa mai bin bashi ya iya cewa "wane ya ja min rai, ya zalunce ni", ya kai ƙara, ya yi masa magana mai kaushi. Hukuncin kuma na alƙali ne, shi zai tsare shi. Babu inda aka ce ka kira shi ɓarawo alhali ba sata ya yi ba, ko ka ce Baba Tela ya tsaya masa alhali ƙarya ne. Wannan ƙage ne. Sannan me surukinsa ya ci? Me liman ya ci? Wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani, Alƙur'ani ya maimaita wannan ba sau ɗaya ba.

Kai da kanka, duk zafin da kake ji, ka taɓa buga hoton mai bashinka ka liƙa a ƙofar gidan surukansa?

Ɗan Kwari: A'a Malam, wannan ai sai a ce na haukace. Gobe da wane ido zan kalli mutane a kasuwa?

Hajiya Mai Adashi: Yawwa! Nan nake jira a zo. Na daɗe ina riƙe adashin mata, kuma babu irin jinkirin da ban gani ba. Mace in ta kasa zubi, ni da ƙafata nake zuwa bayan magariba, in yi sallama, mu shiga ɗaki, in ce wance lafiya? Wani lokacin tun daga tsakar gida na ga amsa: murhu a sanyaye, yaro a kwance da zazzaɓi. Sai in zuba mata daga nawa, in ta ɗauka in cire. Wata kuma ina shiga na ga sabon leshi a kan gado, to ita wannan na san irin maganar da zan yi mata. Amma ko ita ba zan fita in yi shela ba, domin gobe biki zai haɗa mu, kuma in na tona mata, sauran matan za su ce wata rana mu ne. Ita tana jin kunyata, ni ma ina jin kunyarta.

Su waɗannan na waya sun san muna da kunya, da ita suke kama mu, amma su ba wanda zai gan su balle su ji tasu. Kuma Ɗan Sahu, kada ka ji daɗi, kai ma abin da ya sa ka iya jefar da layi shi ne ba ka san fuskar mai kuɗin ba. Da ni ce na ba ka, da ba ka iya bi ta layinmu da Adaidaita ba.

Ɗan Sahu: Hajiya ai ke uwa ce, ba a haɗa ki da su.

Shugaban Zaure: Jama'a, wata 'yar uwa a cikinmu ta turo min wannan ta gefe, ta ce in saka ba suna. Ga shi yadda ta rubuto:

"Na yi aiki a irin wannan kamfani bayan na gama bautar ƙasa, ina neman abin da zan riƙe kaina. Ɗaki ne babba, tebura a jere, kowa da waya da kwamfuta. Da safe za ka tarar an zuba maka sunaye, an raba su gida-gida: waɗanda ranarsu ba ta cika ba, waɗanda suka wuce da kwana ɗaya zuwa uku, da waɗanda suka wuce mako. Kowane gida da irin maganar da ake yi masa, a rubuce take, kwafa kawai za ka yi. Na farko lallashi, na biyu barazana, na uku a tura wa 'yan uwa. Albashin kaɗan ne, abin da ka karɓo shi ke ƙara maka, kuma akwai allo a bango da ke nuna wa ya fi karɓowa a ranar. In ka yi kwanaki a ƙasa za a sallame ka. Ni da yake ina jin Hausa sai aka riƙa ba ni 'yan Arewa. Oganmu ya ce ku kun fi sauƙi, ku ambaci iyaye da lahira kawai. Ban taɓa haɗa hoton kowa ba, wasu ke yi, amma na kira iyayen mutane. Akwai dattijon da na ce masa ɗansa ya ci bashi, ya yi shiru, ya ce ''yata nawa ne?' Na faɗa masa. Ya ce in ba shi zuwa ranar kasuwa zai sayar da akuya. A allon ba a rubuta akuya, lamba kawai ake gani ta koma kore. Na bar aikin da na samu koyarwa."

Maman Biyu: Subhanallah. Ni dai 'yar uwa ki yi haƙuri, amma yunwa ba hujja ba ce. Kin san abin da ake yi tun makon farko.

Malama Kafanchan: Maman Biyu, a sassauta mata, ai da ba ta faɗa ba da ba mu sani ba. Mu ma a wajenmu akwai misalin da Yesu ya bayar a Matiyu sura 18, na bawan da sarki ya yafe masa bashi mai yawa, ya fita ya shaƙe wuyan ɗan uwansa a kan 'yan kuɗi kaɗan. Ni wanda nake so a tambaya shi ne wanda ya zauna ya tsara allon nan, da wanda ya rubuta maganganun da ake kwafa. Ita an ɗora ta ne a kan abin da aka riga aka gina.

Maman Biyu: Na ji, amma in kowa ya ce an ɗora shi ne, wa zai ƙi?

Injiniya: Tambayar Malama ta zo kaina, domin irinmu ne ke gina su. Layukan rubutun manhaja da ke kwashe lambobin waya ba su da yawa, ɗalibin da ya yi wata 6 yana koyo zai rubuta. Kuma a cikin masu sana'armu akwai wata magana da na tsana: "ni dai an ba ni aiki ne, yadda za a yi amfani da shi ba ruwana." Ƙarya ne. Wanda aka ce ya rubuta abin da zai ware lambar "Mama" da "Liman" daga sauran ya san ba gaisuwar sallah za a tura musu ba. Maƙeri ma in ka je da zanen mabuɗin gidan wani ai zai tambaye ka.

Kuma abin ba a nan ya tsaya ba. A Indiya har haɗa fuskar mace suke da hoton tsiraici su tura wa danginta. Binciken da BBC ta fitar a 2023 ya gano aƙalla mutum 60 da suka kashe kansu a can bayan irin wannan cin zarafi. Da sai wanda ya iya haɗa hoto, yanzu da ƙirƙirarriyar basira kowa ma zai iya cikin minti ɗaya, har murya ana kwaikwaya.

Barista: Shi ya sa nake ce wa mutane kada su goge saƙon don haushi. A ɗauki hotonsa, da lambar da ta turo, da sunan manhajar, a kai ƙorafi FCCPC da NDPC. Baba, kai ma kana da haƙƙin kai ƙara, domin bayananka aka yi amfani da su ba da izininka ba. Kuma masu bin bashin gaskiya suna da hanya: akwai kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi ƙarƙashin dokar 2017, wanda ya ƙi biya a sa sunansa, gobe ba mai ba shi. Bankuna kuma tun 2020 Babban Banki ya ba su damar cire bashinsu daga duk asusun da ke ɗaure da BVN ɗin mutum in ya sa hannu a kan haka. Ɗan Sahu, jefar da layi ba ya goge BVN, ka sani.

Ɗan Sahu: Barista kada ka tayar min da hankali da daren nan.

Ɗalibar BUK: Salam iyayena da yayyena. Ina ta bibiya, akwai abin da ban ga an taɓa ba. Kowa yana maganar kamfani da mai bashi, amma Baba Tela fa, wa ya ba da shi? Baba ya ba yaron lambarsa ne don ɗinki. Yaron ya danna "na yarda" a madadin Baba, da liman, da surukinsa, da duk matan da ke wayarsa, ba wanda ya tambaya. Shin lambar mutum a wayata tawa ce da zan bayar, ko amana ce? Kuma ba masu bashi kaɗai ba, dukkanmu muna yi. Manhajojin nan masu nuna sunan mai kira, daga ina suke samun sunayen in ba daga wayoyin mutane ba?

Baba Tela: 'Yata kin tuna min. Jikana ya taɓa nuna min yadda sunana ke fitowa a irin wannan abin, wai "Tela Gobe Gobe".

Maman Biyu: Baba a yafe mana, amma wanda ya rubuta bai yi ƙarya ba, musamman in sallah ta matso.

Baba Tela: Ke ma zan ga ranar da za ki kawo ɗinki.

Malam Na Zaure: Tambayar yarinyar nan ta fi duk abin da muka faɗa nauyi, Allah ya yi miki albarka. Ni a fahimtata amana ce. Wanda ya ba ka lambarsa ya ba ka ne don wata buƙata da kuka sani ku biyu, kamar yadda in mutum ya faɗa maka magana ya waiga, hadisi ya ce ta zama amana ko bai ce ka ɓoye ba. Lambar matar aure, lambar budurwa, lambar mai mulki da ya yarda da kai, ka miƙa wa wanda ba ka sani ba don a ba ka dubu 15? Littattafanmu na fiƙihu sun yi bayanin ajiya dalla-dalla, amma ajiyar da suka sani ita ce wadda in ka bayar ta bar hannunka. Wannan kuwa ka bayar kuma tana nan a wayarka, shi ya sa mutum ba ya jin ya ci amanar kowa. Ya kamata mu masu hawa mumbari mu fara faɗa, don ni kaina ban taɓa jin an yi huɗuba a kai ba.

Injiniya: Malam na yarda, sai dai kada a ɗora wa talaka duka. An tsara abin ne yadda in ba ka yarda ba manhajar ba za ta buɗe ba, kuma bayanin yana cikin dogon Turanci da ko ni ba na karantawa. Yardar da aka karɓa daga mutumin da matarsa ke naƙuda ƙarfe 2 na dare, asibiti sun ce sai an ajiye kuɗi, wace irin yarda ce?

Kuma mu faɗi gaskiya, me ya kai mutane can? Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a 'yan kwanaki, komai ya bi ta. Wane banki ne zai ba ɗan Adaidaita dubu 15 cikin minti 5 ba takarda? Fasahar da ke tura kuɗi nan take alheri ce, ita ce dai mai POS ke ci da ita, ita muke tura wa iyaye kuɗi ƙauye da ita. Akwai ma masu ba da bashin da ke da rajista da ba sa wannan tonon asiri. Ba wayar ce ta ce a zagi liman ba, wani ne ya lissafa ya ga zagin ya fi kotu arha.

Ɗan Kwari: To ni ma bari in faɗi wata gaskiyar da ba a so. Yaron nan yana da 'yan uwa, yana da maƙwabta, yana da mu. Me ya sa bai zo ba? Domin in ya zo wurin ɗan uwa ya nemi dubu 15, kafin la'asar duk dangi sun ji, har da ƙarin gishiri. Ya gudu wurin waya ne don ya rufa wa kansa asiri. Mu muka fara koya wa waya tonon asiri.

Hajiya Mai Adashi: Yau kam Alhaji ka yi magana. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma sai mu riƙa yi kamar mu ba mu taɓa ci ba.

Maman Biyu: Ɗazu fa kai ka ce a kunyata su.

Ɗan Kwari: Har yanzu ina nan a kan bakana ga mai hali da ya ƙi biya. Wanda ya ɗauki atamfata ya je ya ƙara aure, in na gan shi a gaban mutane zan tambaye shi, Malam ya ce ya halatta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ƙarya da jawo waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Ɗalibar BUK: Injiniya, to mu da muka riga muka danna wa manhajoji barkatai, akwai gyara?

Injiniya: Abin da ya tafi ya tafi, amma ana iya tsayar da na gaba. Ki shiga saitin waya, wajen izinin manhajoji, ki duba waɗanda ke ganin lambobi da saƙonni da hotuna. Za ki sha mamaki, har tocila da wasan yara za ki gani a ciki. Duk wadda aikinta bai buƙaci abin ba ki cire mata. Kuma duk manhajar da aka turo ta WhatsApp aka ce ki sauke, ki bar ta inda take.

Shugaban Zaure: Dare ya yi, amma kafin a watse ga shawara. Mun haura mutum 100 a zauren nan. Me zai hana mu buɗe asusun rance ba ruwa, kowa ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa duk wata, wanda larura ta kama ya karɓa, kuma ba wanda zai san sunansa sai mutum biyu?

Barista: Ina goyon baya, amma a rubuta ƙa'ida kafin a karɓi ko naira ɗaya. Irin wannan asusu da yawa zumunci suka kashe.

Malam Na Zaure: A rubuta kam. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, Baƙara 282, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mu ne muke ganin in an ce a rubuta kamar an ƙi yarda da mutum.

Ɗan Kwari: Zan fara da dubu 50, da sharaɗin Hajiya ce za ta riƙe, ba a wata manhaja ba.

Hajiya Mai Adashi: Ni ma a banki zan ajiye Alhaji, zamanin kuɗi a ƙarƙashin katifa ya wuce. Zan riƙe in Barista zai zama na biyu, kuma littafin yana hannuna, ba za a saka sunan kowa a zauren nan ba ko ya yi shekara bai biya ba. Ni zan je gidansa.

Ɗan Sahu: To Hajiya a rubuta ni na farko, tayar baya ta kusa ƙarewa.

Hajiya Mai Adashi: Kai sai ka fara kawo min shaidar ka mayar wa waɗancan dubu 14 ɗinsu.

Ɗan Sahu: Hajiya ai manhajar ma an rufe ta, wa zan ba?

Barista: Turo min sunanta ta gefe, zan nemo maka asusunsu.